Hannun Suruka Ta Bayan Asabari

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin jinya, akwai wadda har gobe ba ta fita raina ba: ranar da na saurari awon jinin wata tsohuwa ta waya, ni ina Gashua, ita tana can tsakiyar fadama ruwa ya kewaye garinsu. Amma sai na faɗa muku yadda aka faro, don ku sababbin shiga aikin nan kun fi son a ba ku ƙarshen labari tun ba a zauna ba. Ku gyara zama, shayin nan ba gudu zai yi ba.

Lokacin ni ce babbar nas a sashen gaggawa na asibitin da na yi aiki a Gashua, wurin da kowa ke kira imajensi. 'Yan shekaru suka rage mini in yi ritaya in dawo gida nan Nguru. Ga wanda bai san tsarin ba a cikinku, imajensi an yi shi ne domin wanda ba zai iya jira ba: haɗarin mota, saran maciji, mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, yaron da ke jijjiga. In mutum ya shigo, nas ce ke fara tararsa a ƙofa, ta auna zafin jiki da numfashi da jini, ta ware na gaba da na baya, sannan likita ya karɓa. Shi kuwa zazzaɓi na yau da kullum, mura, wankin gyambo, awon hawan jini da karɓar maganinsa, duk aikin ƙananan asibitocin ƙauye ne, waɗanda iyayenmu ke ce wa sha-ka-tafi. Haka aka koya mana a makaranta, haka kuma aka tsara.

To amma ranar kasuwar Gashua, sai wanda ya gani. Tun da hantsi motocin ƙauye ke sauke mutane da kwandunan kifin banda da buhunan shinkafa. Kowa ya damƙa kayansa hannun dillali, sai ya biyo ta wajenmu da ciwon da ya kwana biyu yana tarawa. Wannan, ƙugiyar kamun kifi ce ta soke shi a yatsa tun wancan makon, wancan haƙori, waccan ciwon ƙugu. Kuma kai tsaye imajensi suke zarcewa, wai layin ganin likita na waje ya yi tsawo, su suna so su koma kasuwa kafin a watse. Benci ya cika, baranda ta cika, ƙaurin kifi ya danne warin magani. Akwai ranar da aka kawo mana wani manomi da kububuwa ta sara, sai da muka riƙa tsallake ƙafafun mutane kafin mu kai shi gado. Ranar kam na yi faɗa har muryata ta dishe. Kun dai san bakina, ba sai an ba ku labari ba.

Da tafiya ta yi tafiya sai na lura da wani abu. Yawancin tsofaffin da ke cika mana benci daga ƙauye ɗaya suke, can gefen fadama ta wajen Dagona. Ba zan kira sunan garin ba, don mutanen suna nan da ransu kuma suna da kunne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne garin yana da ƙaramin asibitinsa, an yi masa fenti, akwai firijin rigakafi mai aiki da hasken rana, akwai ma'aikaci. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Wadda ta fi damuna a cikinsu ita ce Iya Falmata. Doguwar tsohuwa ce mai sana'ar banda, ga tsafta ga kwarjini, kullum tare da 'yarta Zara mai riƙe mata jaka. Kukanta ɗaya ne kowane zuwa: kai kamar zai rabe, ƙeya ta riƙe, jiri na ɗibarta. In na ɗaura mata abin awo sai in ga jinin nan ya hau inda bai kamata a ce mutum yana tafiya da ƙafarsa ba. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta riƙa zuwa asibitin garinsu duk mako ana auna ta, in magani ya ƙare ta karɓa a can. Ta ce to. Da kai ya lafa sai ta ajiye maganin, bayan wata guda ta dawo mana fiye da yadda ta zo da farko. Likitanmu ya ja ni gefe ya ce, "Sista, tsohuwar nan in ba a tsare ta ba, wata rana a kwance za a kawo ta ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tafi." Ni ma na sani, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Zuwanta na gaba na ja kujera na zauna gabanta.

Na ce, "Iya, wai laifin me muka yi miki? Asibiti na bayan gidanki, ki tsallake shi, ki shigo motar kifi ki zo ki kwanta mana a benci. Babu magani ne a can?"

Ta ce, "Akwai."

"Ma'aikacin ne ba ya zama?"

"Kullum yana nan."

"To wulaƙanci gare shi?"

Sai ta zaro ido. "Wa? Subhanallahi! Ai samun mai ladabinsa sai an tona."

"To mene ne, fisabilillahi?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta mai da fuska bango. Zara kuwa ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Sai da na harare ta sannan ta ce, "Anti, ai mijina ne."

Ashe nan gizo ke saƙa. Ma'aikacin, Malam Habu, ɗan nan Nguru ne, an tura shi garin yana saurayi. Ya zauna da mutane lafiya, suka ga hankalinsa, suka ba shi auren Zara. Shi kuwa marigayi mahaifin Zara shi ne sarkin ruwan garin, kuma kusan babu gidan da bai haɗa jini da shi ba. Ranar da aka ɗaura auren nan, Habu ya tashi da surukai rabin gari: baffanni, kawunnai, gwaggwanni, innoni, har da waɗanda suka sha nono ɗaya da uwar amarya. Yara da matasa suna zuwa wurinsa, masu ciki na kai awo, rigakafi ba ya wuce kowa. Amma dattijon da zai zauna gaban mijin 'yarsa ya ce fitsari na yi masa gardama, ko dattijuwar da za ta naɗe hannun riga ta miƙa masa damtse, babu shi babu ita. Ga shi kuwa su ne masu hawan jinin, su ne masu ciwon suga.

Na ce, "Haba Iya, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Gaskiyarki 'yata. Amma wa kika taɓa ji ya yi wanka gaban suruki?"

Dariya ta kama ni har sai da na dafa gado. Da na natsu kuma sai na tuna mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunan maigidana ba, ba ta taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya shigo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Da za a ce mata ta miƙa masa hannu ya matsa, wallahi ta gwammace ta tafi Kano a ƙasa. Daga nan na daina yi wa Iya Falmata faɗa.

Ku sani, mu na babban asibiti ba mu da iko a kan ƙananan asibitoci. Ofishinsu daban, shugabansu daban, shi ne wanda ake kira kodineta, mai raba ma'aikata a ƙauyukan ƙaramar hukuma. Don haka sai da na nemi izinin shugabar ma'aikatan jinya tamu, sannan ranar hutuna na hau keke napep na tafi ofishinsa. Alhaji Modu sunansa, dattijo mai son raha, mun san juna tun muna makarantar koyon aiki.

Da na gama yi masa bayani ya ce, "To ai da sauƙi, Hajiya. A ɗauke shi a kai wani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗauke shi a kan wane laifi? Mutum ya riƙe yaran gari da matan gari, ga iyalinsa ga 'yar gonar shinkafarsa. Ka ɗauke shi, surukan nan da ke gudunsa su ne za su fara cika maka ofis suna cewa an ci mutuncin ɗansu."

"To me kike so in yi? In raba auren?"

"A'a. Wa ke ƙauyen da ke gaba da su?"

Ya ce wata Malama Hajara ce, baƙuwa a yankin, ba ta haɗa jini ko aure da kowa ba. Na ce to shi ke nan, rana ɗaya a mako su yi musanya, ita ta zo garin Habu, shi ya tafi nata. Ba sabon gini, ba sabon ma'aikaci, babur ɗinsu ma ya ishe su.

Alhaji Modu ya cire hula ya sosa kai yana dariya. Ya ce, "Duk shekarun da na yi ina raba ma'aikata, ban taɓa canza wa mutum wurin aiki saboda surukuta ba. Amma bari mu gwada, in bai yi ba ke za ki sha tsiya."

Aka gwada, kuma ya yi. Mutanen garin da kansu suka raɗa wa ranar suna, wai ranar surukai. An ce tun da sassafe dattawa ke jeruwa a inuwar asibitin da tabarminsu, Malama Hajara ta auna wannan, ta ba wancan magani, wanda ta ga abin ya fi ƙarfinta ta turo mana shi da bayani. Mu kuma a Gashua sai muka ga bencinmu ya fara shan iska ranar kasuwa. Ba wai an daina zuwa ba ne, sauran ƙauyuka na nan da nasu dalilan, amma aƙalla in an shigo da mai haɗari akwai hanyar wucewa. Iya Falmata ta ɓace mini ɗif, sai saƙon gaisuwa da ƙunshin banda ta hannun direban garinsu. Na ci kifin nan da daɗin rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shanye hanyar da ke tsakanin ƙauyukan biyu da wadda ke fita titi. Malama Hajara ta kasa ƙetarowa, mako ya bi mako babu ranar surukai. Habu yana aika wa Iya ƙwayoyinta ta hannun Zara, amma tunda babu mai auna ta ya ce mata ga inda jinin yake, sai ta koma halinta na da, in kai ya yi shiru ta tura magani ƙarƙashin matashi. Za ku ce me ya hana Zara ta auna ta? Abin awon nasu irin na da ne, mai famfo da abin sawa a kunne, sai wanda ya koya.

Ran nan da hantsi ina bakin aiki, wayata ta yi ƙara. Habu ne.

Ya ce, "Sista, Iya ce. Ta tashi da ciwon kai mai tsanani, ko zama ba ta iya yi. Yayyen Zara sun jawo kwalekwale, wai za su ƙetare da ita zuwa titi su kawo muku. Ruwan nan yana da ƙarfi, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin da aka saba bi, sai sun zagaya ta tsakiyar kogi. Ni kuma ga ni tsaye a ƙofar ɗakinta da abin awo a hannu, na kasa shiga."

Na ce ya ba Zara wayar ta buɗe murya kowa ya ji. Na yafito likita ya tsaya kusa da ni. Na ce, "Zara, dubi fuskarta. Ki ce ta yi murmushi, ki ga ko baki ya karkace. Ki ce ta ɗaga hannu biyu sama. Ƙirjinta na ciwo? Tana gani sosai?"

Zara ta ce fuska daidai take, hannu biyu sun tashi, ƙirji lafiya, tana gani. Sai na jiyo muryar tsohuwar daga nesa tana cewa, "Ki gaya wa Sista ni ba jaririya ba ce da za a ce in yi dariya." Likita ya yi murmushi ya ce magana ma garau take. Ya ce in dai haka ne, jijjiga ta a kwalekwale cikin rana ya fi zamanta haɗari, amma ba zai ce a ba ta komai ba sai ya san inda jinin ya kai. In kuma wata alama ta ɓullo, dole a taho da ita ko ta halin ƙaƙa.

Na ce a kai wayar kusa da kunnenta. Na ce, "Iya, ni ce. Ni ma 'yar gida ce, na san kunya, kuma ba zan ce ki ajiye taki ba. Amma 'ya'yanki maza suna bakin ruwa yanzu, saboda ke za su shiga kogin nan, kowannensu da mata da yara. Ga mai auna ki a ƙofar ɗaki. In kwalekwalen nan ya kife da ku, kunyar wa za ki ji?"

Ina jin kukan kaji, ina jin mazan can suna gardama a kan wanda zai riƙe gorar tuƙi. Har na fara tunanin na yi wa tsohuwar mutane kaushin baki.

Can sai ta ce, "Zara. Saki asabarin nan. Jawo mini tabarma bakin ƙofa."

Sauran Zara ce ta ba ni labari daga baya. Aka saki asabari ya rufe ƙofa ruf. Tsohuwa ta kwanta daga ciki, ta ja mayafi ta lulluɓe har ka, ta turo hannu ɗaya ta gefen asabarin, hannun da hayaƙin banda ya rine shi shekara da shekaru. Habu ya cire takalmi, ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kau da kai gefe, ya ɗaura abin awo. Abin da ni na ji a waya shi ne ƙarar famfon nan, fus, fus, fus, sannan iska na fita a hankali. Da ya gama, maimakon ya faɗa mini, sai ya faɗa wa Zara ƙasa-ƙasa, ita kuma ta faɗa mini, alhali wayar na nan kusa da gwiwarsa. Ko a wannan hali bai yarda ya ɗaga murya a ƙofar surukarsa ba.

Jinin ya hau sosai. Likita ya faɗi maganin da za a ba ta cikin waɗanda Habu ke da su, ya ce a bar ta ta huta a sake aunawa, kada a yi gaggawar sauke shi. Bayan azahar aka sake, ya fara sauka. Wajen la'asar Habu ya sake kira, hannun ya sake fitowa, na sake jin famfo. Wannan karon da Zara ta faɗi abin da aka samu, likita ya ce alhamdu lillahi, a ɗaure kwalekwale, gobe a sake aunawa.

Ina shirin kashe waya sai na ji tsohuwar ta yi gyaran murya daga bayan asabari.

Ta ce, "Zara, ki ce wa mutumin nan hannunsa da sauƙi. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa."

Tun da aka ɗaura aurensu, in ban da amsa gaisuwa, maganarta ba ta taɓa zuwa gare shi ba ko ta bakin wani. Na ji Habu ya ce amin, sai ya ce, "Sista, zan sake kira," ya kashe. Ni ma na shiga ɗakin magani na share idona, na fito na ci gaba da yi wa mutane faɗa.

Da ruwa ya janye, Habu ya sayo sabon asabari ya rataye a wani lungu na asibitin, ya ajiye benci a bayansa. Dattawa suka riƙa zuwa ko ba ranar surukai ba, su zauna daga ciki su miƙo hannu, ya auna, jika ko ɗa ya isar da magana. Abin da ke bukatar doguwar hira ko duba jiki kuwa a jira Malama Hajara. Na ji an ce wani baƙon jami'i ya zo duba aiki ya tambayi amfanin wannan labulen kara, Alhaji Modu ya ce masa kayan aiki ne, kada ya taɓa. Iya Falmata tana nan da ranta, da ƙafarta take zuwa bakin ruwa sayen kifi, jikinta bai shanye ba.

To ku da za a tura ƙauyuka gobe, ga abin da na ɗauka. Mutanenmu ba son wahala suke ba, ba kuma rashin hankali ne ke sa su tsallake asibitin bayan gida su cika imajensi ba. Wani lokaci hanya ce, wani lokaci magani ne babu, wani lokaci kuma ƙofar a buɗe take amma akwai abin da ya fi kogi wuyar ƙetarewa, kuma ba za su taɓa faɗa maka ba sai ka ja kujera ka zauna. Ba aikinmu ba ne mu raba su da kunyarsu, aikinmu mu samo inda hannu zai fito. In kun je kun tarar da asibiti fes, magani cike da kanta, ma'aikaci na zaune amma dattawa ba sa zuwa, kada ku yi saurin cewa jahilci ne. Ku fara tambaya tukuna, a garin nan wa ke jin kunyar wa.